Ranar da Aka Kira wa Saude Wanzami

Taɓarya ce ta fara faɗuwa, sannan Saude ta biyo ta. Inna Shatu tana bakin murhu tana tankaɗe ta ji ƙarar, ta waiwaya ta ga matar ɗanta durƙushe a gindin turmi, hannu biyu dafe da mara, kaji kuma sun yi caa a kan geron da ya zube. Yaron da ke goye a bayan Saude ya tsala ihu. Ba yau aka fara ba, shi ya sa Inna ba ta tara maƙwabta da salati ba. Ta ajiye rariya, ta zo ta kwance goyon, ta ce wa yarinyar ta miƙe a hankali. Saude ta gwada ɗaga ƙafar dama, sai ta ji kamar an soka mata basilla a ƙashin da ke ƙasan mara, daidai inda ƙasusuwan ƙugu suka haɗu ta gaba. Da rarrafe ta shiga ɗaki, Inna na tsaye da jika a kafaɗa tana bin ta da kallo.

Wannan abu a Roni aka yi shi, zamanin Turawa, 'yan shekaru bayan sojojin da aka ɗiba zuwa Boma sun dawo gida da labarai da tsofaffin kaki. Mijin Saude, Halliru, tela ne. A wurin ɗaya daga cikin sojojin nan ya koyi taka keken ɗinki, ya kwaso har da 'yan kalmomin bariki, ba ya cewa kamu sai inci, ba a ba shi aiki sai dai a ba shi oda. Ranar kasuwar Gwiwa yakan ɗora keken a jaki ya je ya kafa a gindin wata tsamiya, kuma a nan ya fara ganin Saude. Zane ɗaya ta riƙa kawo masa gyara kasuwa bayan kasuwa, har sai da ya ce mata in da hannu ake yaga shi, to a riƙa yagawa a kan layi don ɗinkin ya yi kyau. Ta rufe fuska ta gudu ta bar masa zanen. Auren so suka yi, kuma Inna Shatu, wadda Allah ya ba maza zalla, ta karɓi yarinyar hannu bibbiyu, ba ta kiranta da komai sai 'yata.

Ciwon kuwa tun cikin fari ya yi nauyi ya soma. Da ta tafi gida goyon ciki ta haihu a ɗakin uwarta a Gwiwa, sai da aka riƙa kama ta ana kai ta bayan gida, don ba ta iya raba ƙafafunta ba tare da hawaye ba. Aka yi wankan jego da ganyen runhu, aka sha kunun kanwa, ciwo ya lafa. Ta dawo ɗakinta da ɗa namiji, Daudu, tana taka ƙafarta, kowa ya ce an rabu da shi ke nan. Ashe yana nan laɓe. Yaro bai fara rarrafe ba al'adarta ta dawo, ciwon ya biyo ta. Duk wata, dab da za ta ga jini, sai ƙashin ya fara tsami, ta kasa tsallake dokin ƙofa, ta kasa juyi a gado, wani lokaci har ta ji ya ce ƙas in ta motsa. Da ta yi wanka kuma sai ya janye, ta koma aikinta kamar ba ita ba.

Ba ta gaya wa kowa ba. Yarinyar da ko sunan ɗanta na fari ba ta iya kamawa don kunya, sai dai ta ce yaron nan, ina za ta iya buɗe baki ta yi wa uwar miji zancen al'ada? Amma tsohuwar mace ba a ɓoye mata irin wannan a gida ɗaya. Inna ta lura duk ranar da Saude ta ajiye buta ba ta yi salla ba, ranar take jan ƙafa. Ta haɗa wannan da wancan, ta kai zancen wani gidan suna, kuma kafin a gama rabon tuwo tsofaffi sun gano cutar. Gishiri ne, in ji su. Wani abu ne ya tsiro a gaban yarinyar ya tare hanya, jini yana neman fita yana bugun ƙashi, maganinsa kuwa ɗaya ne, wanzami ya sa aska ya tsaga. Babu ɗaya a cikinsu da ta duba ta.

Ranar da taɓaryar ta faɗi, Inna ta bi ta ɗaki ta zauna a bakin gado tana shafa mata ƙafa. Cikin lallashi ta gaya mata za ta kira Falalu, wanzamin gidan, wanda ya cire wa Halliru belu yana jariri, ya kuma yi masa kaciya. Ta ce hannunsa yana da kyau, ɗan tsagi ne kawai, kafin a ce kwabo an gama. Saude ta janye ƙafarta. Ta juya fuska bango, haƙoranta suna haɗuwa kamar mai zazzaɓi.

Tana da dalilinta. Yayarta Mairo, wadda a da duk Gwiwa ba mai kitso kamarta, ciwon mara ta yi tana sabon aure, aka ce gishiri ne, aka kira wanzami. Saude tana ƙarama a lokacin, ita aka aika ta ɗebo ƙasa a rufe jinin da ya malale a bayan ɗaki, ta yi ta ɗebowa yana fitowa ta sama. Mairo ta rayu, amma tun daga ranar fitsari bai ƙara tsaya mata ba. Miji ya sallame ta. Yanzu tana wata bukka a ƙuryar gidansu tana wankin tsummoki, ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna, in ma ƙanwarta ta je gaishe ta sai ta matsa can nesa ta zauna don kada a ji wari.

Tsoro ya shiga Saude ya yi mata zaune. In aka yi sallama a zaure gabanta ya faɗi. In ta ji maƙwabci yana wasa wuƙa a dutse sai tuwo ya fita daga ranta. Ta shiga ɓoye ciwon, tana cije leɓe tana daka, tana jan guga a rijiya, don Inna ta ga kamar ya wuce, shi kuwa ƙashin yana ƙara fushi. Ta aika wa uwarta saƙo ta bakin wata mai kai daddawa kasuwar Gwiwa, tana fatan a ce ta taho gida. Amsar da ta dawo ita ce ta bi maganar surukarta, na Mairo ƙaddara ce, kuma wancan wanzamin baƙo ne ba a san hannunsa ba. Ranar Saude ta yi kuka mai yawa, don ta gane ko ta gudu gida askar za ta tarar.

Halliru duk bai san ana yi ba. Zancen mata ne, ba a kai wa namiji. Ya dai ga matarsa tana ramewa, ta daina yi masa dariyar nan da take rufe baki da gefen mayafi. Wata rana bayan la'asar Inna ta tafi gaisuwar mutuwa, shi kuma ya tashi daga rumfa da wuri. Ya tarar Daudu yana barci a tabarma, amma majanyi yana ɗaure a jikin uwar, ba a ƙirji ba, can ƙasa a kan ƙugu, an ja shi tamau. Idon tela kuwa ba ya wuce ɗauri bai duba ba. Ya tambaye ta wa take goyo a nan.

"In na ɗaure shi tam, ƙashin yana daina motsi, Malam," ta ce, kanta a ƙasa. "Sai in iya taka ƙafar."

Ya zauna a bakin ƙofa ya ce ta gaya masa duka. Ta juya masa baya, tana kallon jeren kwanukanta, ta gaya masa yadda ciwon yake zuwa da kwanakin da ba ta salla, da abin da tsofaffi suka ce, da sunan Falalu. Da ta zo nan sai ta roƙe shi.

"Malam, in ka gaji da ni ka mayar da ni gida, wallahi ba zan riƙe ka a raina ba. Amma kada ka bari a sa mini aska. Na ga Yaya Mairo."

Halliru ya san Mairo, ya taɓa hango ta daga nesa ranar da ya je gaisuwar surukai, sai dai bai san abin da ya mayar da ita haka ba. Ya ce wa Saude ba za a sa ba. Faɗar ba ta yi masa wuya ba, amma tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ce mata a'a ba, ko a kan gishirin miya.

Washegari ya ari basukur, wato keken hawa, ya tafi Kazaure, ɗakin shan magani na En'e, hukumar gargajiya. Ya bi layi, da aka zo kansa ya share gumi ya fara bayanin matar wani abokinsa. Malamin asibitin ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ya gaishe da abokin, kuma ya gaya masa ba shi kaɗai ba ne. Ya ce gaɓar da ke gaban ƙugu takan saki lokacin ciki don ɗa ya sami hanya, a wasu mata ba ta komawa da wuri, sai ta riƙa motsawa duk lokacin al'ada. A ɗaure ƙugun, a gasa da ruwan ɗumi, a hutar da ita daka da ɗaukar tulu a kwanakin, kuma a yi haƙuri, don a hankali yake tafiya. In ya ƙi, a kai ta babban asibiti Kano. Aska kam ba ta da abin yi da ƙashi. Ya ƙunsa masa 'yan ƙwayoyin rage zafi a takarda, Halliru ya kamo hanya.

Da ya dawo ya ture odar mutane gefe. Ya sami tsohon kaki mai kauri, ya yanka shi faɗin tafin hannu da yatsu, ya yi masa shafi da saƙi mai laushi don kada ya ci fata, ya ɗinka masa igiyoyi. Ya kai wa Saude ya ce ga bel, ta gwada. Ta ɗaura a ƙarƙashin zane, ta miƙe, ta taka daga gado zuwa ƙofa ta dawo. Ya ga ta saki fuska.

Sauran Inna. Da safe bayan ya gaishe ta ya ƙi tashi daga tsugunno, ya yi ta kewaye-kewaye har ya iso inda zai je. Inna ta kama baki. Ta ce yanzu shi da bakinsa yake yi mata zancen jinin mata, har ya ɗauka ya kai wa wani ƙato a Kazaure? Ta ce malamin asibiti namiji ne, me ya sani a ciwon haihuwa. Falalu ma dai ba mace ba ne, amma Halliru bai isa ya tuna mata ba. Bel ɗin kuma ta ce ɗamarar 'yan doka ce, hutun daka kuwa ba ta taɓa jin an yi wa matar aure shi duk wata ba. Daga nan idonta ya kawo ruwa.

"So kake ta gurgunce a gidana ina kallo? 'Yar mutane aka ba ni amana. In ta kasa sake haihuwa, wa za a zaga, kai ko ni?"

Ya ba ta haƙuri, ya roƙe ta a jinkirta. Ta yi shiru ta ci gaba da kaɗinta. Shi kuwa ya ɗauki shirun nan yarda ce, ya tafi rumfa da ransa fari, alhali Inna ba ta ce ta yarda ba.

Damina ta faɗi, wata ya zagayo, ciwo ya dawo. Bel yana taimako, amma daka tana nan, guga yana nan, don Saude ba ta iya zama tana kallon tsohuwa tana aiki. Ana gobe kasuwar Gwiwa ta ɗauko tulu daga rijiya, santsin tsakar gida ya kwashe ta, ƙafafun suka rabu. Ƙarar da ta yi sai da aka ji a maƙwabta. Aka kinkime ta zuwa gado. Da yamma, daga inda take kwance, ta hango Inna tana dakan bagaruwa tana jiƙawa a sabuwar tukunya, ta kuma ga an fito da wata tsohuwar tabarma an kakkaɓe an jingine a bayan ɗaki. Ta san bagaruwa ta wanke rauni ce, ta san tsohuwar tabarma wadda ba a jin asarar jefarwa ce. Haka aka shirya wa Mairo.

Ta so ta gaya wa Halliru, amma Inna ta ce ita za ta kwana jinya, ta shimfiɗa a bakin gadon. Da gari ya waye ya leƙo yi musu sallama, ya riga ya ɗaure keken ɗinki a bayan jaki. Inna tana zaune tana ba Daudu koko. Saude ta zuba masa ido kawai. Ya zaci zafin ciwo ne, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, zai taho mata da rake. Ta ji takun jakin yana nisa har ya ɓace.

Bai daɗe da fita ba tsofaffi biyu daga maƙwabta suka shigo, waɗanda za su danne ta. Suna ta yi mata sannu, suna cewa kowa da haka ya girma. Aka ɗora ruwa a wuta. Aka shimfiɗa tabarmar a bayan ɗaki inda ba a gani daga ƙofa. Saude ta duba taga, ta duba ƙofa, ga ƙafa ba ta ɗaguwa. Ta jawo Daudu ta ƙanƙame shi har ya fara kuka, Inna ta karɓe shi ta goya.

Shi kuwa Halliru, a lungun masallaci ya yi kiciɓis da Falalu, rataye da zabirar askarsa, ya nufo gidansu. Tsohon ya washe baki ya gaishe shi, ya ce Allah ya sa su yi a sa'a, kuma Halliru ya yi dabara da zai yi nisa, don miji ba ya jure jin kukan. Halliru ya tsaya da igiyar jaki a hannu. Ya tambayi a sa'ar me. Nan Falalu ya gane, fara'arsa ta ɗauke. Ya ce shi an gaya masa da yawun maigida ne, kuma tun da ya gaji aska bai taɓa sa ta a jikin matar wani ba sai mijinta ya ce a sa. Suka juyo tare.

Saude ta ji sallamar wanzami daga ɗaki. Sai kuma ta ji wata muryar a bayan tasa, wadda ta sani. Inna ta fito tsakar gida, ta ga ɗanta, ta ga Falalu ya tsaya a bakin zaure ya ƙi shigowa. Ba ta yi musun komai ba. Ta dubi Halliru ta ce ya gaya wa Falalu ya yarda.

Halliru ya cire hula, ya durƙusa a cikin taɓo.

"Inna, ki yi haƙuri. Ban yarda ba."

Tsofaffin nan suka dubi juna. Inna ta maimaita, ya maimaita, muryarsa tana ƙara yin ƙasa. Ta tuna masa ubansa ya mutu ya bar mata shi yana tatata, ta tuna masa surfen da ta yi a gidajen mutane ta ciyar da shi, ta ce yau a gaban maƙwabta zai nuna mata ba ta isa da gidanta ba. Ya ce ta isa, ta fi ƙarfin isa, amma wannan ɗaya ta yafe masa. Sai ta ɗaga hannu ta dafa ƙirjinta, daidai ɗaurin zane.

"Nonon nan da ka sha, Halliru..."

Kowa a gidan ya san abin da ke biyo bayan wannan. Ɗaya tsohuwar ta ce a'a Shatu, ki tuna Allah. Falalu ya kawar da kai. Halliru ya kifa goshi a ƙasa, don babu abin da yake tsoro a duniya kamar bakin uwa, ya ga waɗanda bakin ya bi, sun lalace suna yawo a kasuwa. Hawaye yana zuba, amma bai ce ya yarda ba.

Sai aka ji motsi a bakin ɗaki. Saude ce, ta jawo jiki da hannu ta haye dokin ƙofa, tana nishi. Ba ta nufi mijinta ba. Ta rarrafa ta cikin taɓo ta zagaya inda aka shimfiɗa tsohuwar tabarma, ta hau ta zauna.

"Inna, kada ki ƙarasa. Ga ni, a yi. Baba Falalu, ka zo, ni na yarda. Kada dai a yi masa baki saboda ni."

Ta kwanta, ta runtse ido. Leɓunanta suna motsi, kuma da gidan ya yi tsit sai aka ji abin da take faɗa. Kalmar shahada take yi, tana maimaitawa da sauri-sauri, irin ta wanda ya sallama.

Hannun Inna ya sauka daga ƙirjinta. Ita a ranta ɗan tsagi ta ɗauka, magani ta kira wa 'yarta, kuma duk kwanakin nan shirun yarinyar ta ɗauke shi kunya ce. Yanzu ga ta kwance tana shirin mutuwa, ta kuma kawo kanta da kanta don kada a tsine wa ɗan da Inna ta haifa. Tsohuwar ta tako a hankali da jika a baya, ta durƙusa, ta ɗago kan Saude ta ɗora a cinyarta, tana share mata taɓo a fuska da bakin zane.

"Yanka kika ɗauka zan kai ki, 'yata?"

Saude ta fashe da kuka. Inna ma ta sa nata. Da ta natsu ta ba Falalu haƙurin tasowar da ya yi, ta ce a kwashe bagaruwar. Amma Inna Shatu ba macen da ke sauka gaba ɗaya ba ce. Ta ce ta ba su zuwa kaka. Su yi ɗamararsu, su yi hutunsu, amma in aka kai dawa rumbu yarinyar tana nan yadda take, ba mai hana ta yin abin da ta gada. Halliru kuwa sai da ya yi kwanaki yana tsugunno a ƙofarta kafin ta fara amsa gaisuwarsa da fiye da kalma ɗaya.

Haka aka shiga sabon zama. In kwanakin suka zo, Inna ce ke ɗaukar taɓarya, tana yi tana mita, tana cewa ta ga zamani, uwar miji ta zama amarya. In Saude ta yunƙura za ta karɓa sai ta daka mata harara ta ce ta koma ta zauna. Halliru ke cika randa kafin ya fita, har abokansa na rumfa suka sa masa Tela Mai Tulu, ya ce ya ji, a dai kawo oda. Da yamma Inna ta ɗora ruwa ta gasa mata ƙugun da hannunta.

Ciwon bai ji kunyarsu ya tafi ba. Wata ya zagayo ya dawo, wani ya zagayo ya sake dawowa. Sai dai daga rarrafe ta koma dogara sanda, daga sanda ta koma dafa bango. Tsoron kuwa yana nan. Duk garin ana murna dawa ta fitar da kai, Saude in ta hango kan dawar ta saman katanga sai gabanta ya faɗi. Da aka fara yankan gero ta daina cin abinci sosai. Halliru yana ba ta baki, yana cewa ai ana samun sauƙi, ita kuma tana cewa Inna ba sauƙi ta ce ba, warkewa take jira.

Ranar da aka ɗaga damin ƙarshe aka sa a rumbu ta faɗo cikin kwanakinta. Tana tsakar gida da bel a ƙarƙashin zane, tana ɗingishi tana bin Daudu da ya fara tafiya, sai aka yi sallama. Falalu ne, ya zo karɓar daminsa na kaka kamar yadda wanzamin gida yake yi kowace shekara, kuma zabirar tana kafaɗarsa, don ba ya fita ba ita. Saude ta sure ɗanta ta shige bayan ƙyaure. Halliru yana kan rumbu yana gyara jinka, ya daskare a wurin.

Aka gaisa, aka yi barka da kaka. Sannan Falalu ya rage murya ya tambayi yaya mai jiki, ya ce ya tuna an yi maganar kaka, ga ta kuwa ta yi. Inna ta waiwaya ta dubi ƙyauren, inda gefen zanen Saude yake leƙowa yana rawa.

"Ciwon yana nan, Falalu," ta ce. "Amma yarinyar ma tana nan, kuma da ƙafarta ta shiga ɗakin can. Ɗauki daminka, Allah ya kai mu baɗi."

A bayan ƙyaure Saude ta sulale ƙasa ta zauna, ta kifa fuska a wuyan ɗanta tana kuka marar sauti. Yaron bai san abin da ake yi ba, yana ta jan ɗankwalinta.

Ciwon sai bayan an yaye Daudu ya ƙarasa janyewa, ya zama ɗan tsami da take ji ta wuce. Ta sake haihuwa, ya ɗan waiwayo ta, aka sake ɗaurewa aka sake hutawa, ya tafi. Ku da kuke karatu, ba mugu ko ɗaya a gidan nan, ƙauna ce ta kira wanzamin, kuma kunya ce ta kusa barinsa ya yi aikinsa. In ciwo ya same ku ku buɗe baki ku faɗa, in kuna jinya ku tambayi mai ciwon kafin ku tambayi taron suna. Akwai cutar da ba ta son gaggawa, haƙuri da hutu take so. Wanda kuma yake son mutum, ya tsaya masa a ranar da shi kansa yake jin tsoro, ba tare da ya ɗaga wa uwarsa murya ba, kamar yadda Halliru ya yi yana durƙushe a cikin taɓo.